Na canza kamshaf a Silverado 5.3, konbata mai sitol 2800 zan sa ko 3600?

Mai_Silverado04 ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san harkar giya otomatik ku taimaka min da shawara, kaina ya gama ɗaurewa.

Motata Silverado 1500 ce ta 2004, injin 5.3, giyabos 4L60E, mai ja da ƙafa huɗu. Wata uku kenan da na sa mata kamshaf (kam, sandar da ke buɗe bawul) mai ɗan zafi, 224/230 a .050, wato digirin daɗewar bawul a buɗe, na canza sifirin ɗin bawul, na sa heda dogaye da salansa mai faɗi, aka kuma ɗan taɓa mata ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar motar. Tayoyi inci 33 ne, giyar aksul kuma tana nan 3.42 (juyin farfela 3.42 a kowane juyin taya ɗaya) yadda ta zo daga kamfani. Konbata ma, wadda ke tsakanin injin da giyabos tana isar da ƙarfi ta hanyar mai, ta kamfani ce ban taɓa ta ba.

Toh ga matsalar. In na tsaya a danja tana D ƙafata na kan birki, sai in ji motar tana turo ni gaba kamar tana son ƙwacewa, allurar rpm tana hawa tana sauka, da safe kuma in na sa ribas wani lokacin sai ta mutu gaba ɗaya. In na tashi daga tsaye na taka totur, wallahi ta fi da nauyi, sai ta yi ta jan jiki har sai allura ta wuce 3000 sannan ta farka ta fizge ni. Daga 3000 zuwa sama ba ni da abin cewa, dadi kawai. Amma ƙasa ta mutu.

Wani abokina yace in sa konbata mai sitol (iya rpm ɗin da take bari injin ya kai kafin ta riƙe shi) 3600 kawai in huta, wani kuma yace kar in kuskura in wuce 2400 tunda ina jan tirela, zan ƙona giya. Kullum da ita nake zuwa aiki, sau biyu ko uku a wata ina jan tirela mai nauyin kusan tan biyu, jefi-jefi kuma nakan je filin tsere in gwada ta. Wacce zan sa? Kuma da gaske ne in ka sa mai 3600 motar ba za ta motsa ba sai allura ta kai 3600?

SingleCab_Ja ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Oga sa 3600 kada kowa ya tsorata ka. Ni ita ce a tawa shekara biyu kenan, faɗinta inci 9.5, kam ɗina ma kusan irin naka ne, kuma kullum ina kan titi da ita. Zancen wai ba ta motsawa sai 3600 ba haka bane sam, in na saki birki na ɗan taɓa totur tana tafiya lafiya lau, allura tana ɗan hawa 1800 ko 2000 shikenan. 3600 ɗin sai ka nitsa ƙafarka har ƙasa kake ganinsa. Duk wanda na sani da ya fara da 2600 daga baya sai da ya sake sauke giya ya ƙara, aiki biyu kenan. Tawa dai ƙaramar ce mai kujera ɗaya, ja da baya kawai, aksul 4.10, kuma bana jan komai da ita.

Tsohon_Bakanike ya rubuta:

Ɗana mai Silverado, ka karanta layin ƙarshe na amsar da ke sama sau biyu, domin amsarka rabi tana ciki. Gaskiya ya faɗa a kan motarsa. Amma tasa ta fi taka sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, giyar aksul ɗinsa 4.10, ba ya jan kaya. Taka da ƙafa huɗu da manyan tayoyi ta doshi tan biyu da rabi tun ba ka ɗaura mata tirela ba. Konbata ɗaya, in ka ciro ta daga tasa ka sa a taka, wata dabba ce daban za ta zama.

Bari in ɗan yi bayani ko da zai yi tsawo, saboda abin da yake ɓatar da mutane shine suna ɗaukar lambar da aka rubuta a kwali kamar lambar takalmi ce, in an ce 2800 to 2800 ce ko a wace mota. Ba haka take ba.

A cikin konbata abu uku ne ke aiki a cikin mai. Akwai fanka ta farko da ke haɗe da jikin konbatar, injin ne ke juya ta, ita ke watsa mai. Akwai fanka ta biyu, tabain, wadda man ke bugawa, ita ce a kan sandar da ke shiga giyabos. A tsakaninsu akwai ƙaramar da ake kira sitato, tana kan kuloci mai juyawa gefe ɗaya kawai, aikinta ta karkato da man da ya dawo daga tabain ya sake taimaka wa fanka ta farko maimakon ya yi mata gardama. Wannan karkatarwar ita ke ninka ƙarfin murɗa lokacin tashi, galibi kusan ninki biyu zuwa biyu da rabi, kuma ninkin yana raguwa yayin da tabain ke kamo gudun injin har ya zama babu. Sitol kuwa shine iya rpm ɗin da injin zai iya kaiwa alhali tabain na tsaye cik. Wato kokawa ce tsakanin ƙarfin injin da riƙon mai. In injin ya fi ƙarfi, sai ya tura allura sama kafin mai ya riƙe shi.

Masu ƙera ta suna da lissafi da suke ce wa K: ka raba rpm na sitol da tushen murabba'in ƙarfin murɗar injin a ma'aunin lb-ft. Ɗauki konbatar da ke bada 2800 a bayan injin mai 350 lb-ft, K ɗinta wajen 150 kenan. Kai ta bayan injin mai 450, za ta haura kusan 3200. Kai ta bayan wanda ke bada 280 kacal a wannan wurin, da ƙyar ta wuce 2500. Ƙarfe ɗaya ne, ba a canza mata komai ba. Wannan lissafin kuma shi ke amsa tambayarka ta biyu: in ka ɗan taɓa totur a cikin gari injin bai fi 100 lb-ft yake bayarwa ba, sai ka ga mai K 150 ta ja motar tun wajen 1500, mai 3600 ɗin kuma da K ɗinta ya haura 190 sai wajen 1900. Ka ga ya yi daidai da abin da ɗan'uwanmu ya gani a allurarsa.

Yanzu ga abin da ya faru da motarka. Kam mai 224/230 ya ɗauke ƙarfin injin daga ƙasa ya kai shi sama, kuma a silo bawul na shiga da na fita suna daɗewa a buɗe tare, sai injin ya rasa natsuwa. Konbatar kamfani an yi ta ne ta kama da wuri, wajen 1600 zuwa 1800, domin kam ɗin kamfani yana da ƙarfi a nan. Yanzu tana kama injin a inda ba shi da komai a hannu. Shi ya sa take turo ka a danja, shi ya sa take mutuwa a ribas, shi ya sa take jan jiki har 3000. Ba lalacewa ta yi ba, aikin da aka yi ta dominsa take yi.

Da ba ka jan tirela da na ce maka 3200 ma ba laifi. Amma da tan biyu a baya, ni 2600 zuwa 2800 zan ce, kuma kada ka sauka ƙarama sosai a faɗi. Ta kamfani milimita 300 ce. Masu tsere suna son 245 saboda ba ta da nauyi kuma tana sakin injin ya tashi da sauri, amma mai jan kaya 278 ko 258 ta fi masa, tana da faɗin kulocin kulle mai kyau, wato kulocin da ke haɗe injin da giya kai tsaye in mota ta ɗau gudu, kuma ba ta santsi da yawa a ƙaramin totur. Mutane da yawa ma suna ɗauko ta motar TrailBlazer mai injin 4.2, wadda take 278, su sa a bayan 5.3, tana bada wajen 2500 zuwa sama kaɗan. Tana aiki, sai dai kayan cikinta na kamfani ne, ba a yi ta don aiki mai tsanani ba. In za ka sa a ƙera maka, nemi wadda aka like fukafukanta da walda ta tanda, mai boris a maimakon washar roba, mai murfin gaba da aka sassaƙa daga dunƙulen ƙarfe.

Kuma in za ka yi magana da mai ƙerawa, faɗa masa gaskiya tsakaninka da Allah. Nauyin mota, girman taya, giyar aksul, takardar kam, nauyin tirela, da sau nawa kake ja. Na sha ganin mutum ya ce musu motar tsere ce don a ba shi mai zafi, alhali sau biyu a shekara yake zuwa fili, sauran kwanakin duk yana cikin cunkoso.

Mai_Silverado04 ya rubuta:

Baba Allah ya saka da alheri, wallahi yau na fahimci abin. Jiya da yamma na gwada, na danne birki da ƙafar hagu na taka totur a hankali, allura ta kai wajen 1500 sai tayoyin baya suka fara ƙoƙarin juyawa na saki. Kenan sitol ɗina na yanzu 1500 ne? Sannan maganar aksul da kuka yi ta tsaya min a rai, 3.42 ɗin yana da hannu a ciki ne?

Tsohon_Bakanike ya rubuta:

A'a, abin da ka auna ƙarfin birkinka ne ya ƙare a 1500, ba konbata ba. Gwajin birki kullum yana bada lamba ƙasa da ta gaskiya. Kuma kada ka riƙe ta haka fiye da daƙiƙa biyar, duk ƙarfin injin a lokacin zafi yake komawa a cikin mai. Wanda ya fi amfani shine ka tashi daga tsaye a wurin da babu kowa kuma taya ba za ta yi santsi ba, ka nitsa totur lokaci ɗaya, ka ga inda allura ta yi tsalle ta ɗan tsaya kafin ta ci gaba da hawa tare da gudun mota. In mai saita maka ƙwaƙwalwa yana da kwamfutar ɗaukar bayanai ya fi, ido yana yaudara.

Aksul kuwa hannunsa dumu-dumu. Giya ta huɗu a 4L60E 0.70 ce, wato injin na juyi 0.70 farfela ta yi ɗaya. Da 3.42 da taya inci 33, a gudun kilomita 100 injinka yana wajen 1500 rpm ne kawai. Wannan kam ɗin ba ya son zama a nan, zai riƙa kakkarwa da zarar konbata ta kulle, kai kuma ka ƙara totur, ƙwaƙwalwa ta saki kullen, ta sake kamawa, haka za su yi ta yi. Da 4.10 za ka koma wajen 1800, da 4.56 wajen 2000. Ni da motata ce 4.10 zan sa tun kafin konbata ma, domin tana rage wa konbatar aikin da take yi a kowane tashi. Ka dai tuna taka ƙafa huɗu ce, gaba da baya duka za ka canza su zama iri ɗaya.

Hayaƙin_Giya ya rubuta:

Ni zan yi magana ne a kan zafi domin jiki magayi. Ina da Sierra mai 5.3, na sa mata 3400 ina jan kwale-kwale da ita, ban ƙara kular sanyaya man giya ba, na bar ta da wadda ke cikin lagireto kawai, wanda ya haɗa min ma bai ce min komai a kai ba. Wata rana muna hawan wani dogon tudu ina D, giya tana ta sauka tana hawa tsakanin uku da huɗu, konbata a sake, allura tana 3000 mota tana tafiya kamar ana riƙe ta, kafin mu kai sama na fara jin wari. Da na tsaya na zaro sandar awon mai, man da ya kamata ya zama ja ya koma ruwan ƙasa mai duhu, warinsa kamar an ƙona takarda, ka taɓa sandar ma ba ka iya riƙewa. Ba a yi wata ɗaya ba giya ta uku da ta huɗu suka tafi, ka san dama kulocin 3-4 shine raunin 4L60E. Da aka buɗe, faifan sun yi baƙi ƙirin sun lanƙwashe.

Abin da na koya, duk lokacin da konbata take a sake, bambancin gudun injin da na tabain zafi ne yake zama, kuma mai sitol mai yawa ta fi yin wannan santsin. Man da ya fito daga konbata kai tsaye kula yake zuwa, daga can ya dawo ya shafa wa kayan cikin giya, to in ya dawo da zafinsa kowa ya sha. Ka sa babbar kula irin mai faranti jere a gaban lagireto, ka sa agogon zafin man giya a inda idonka ke gani. Tsakanin digiri 80 da 95 na Celsius lafiya ne, in ka ga ta haura 110 ka sassauta, ta doshi 120 ka nemi gefe ka tsaya injin na silo har ta sauka. Sannan in da tirela a baya ka sa ta a 3 ka bar ta a nan, konbata tana kullewa a uku, in ta kulle kuwa babu santsi babu zafi, ko 2800 ce ko 3600 duk ɗaya suke a wannan lokacin. Yanzu 2600 ce a tawa da kula babba, tudun nan na sake hawansa da kaya iri ɗaya agogo bai wuce 95 ba.

SingleCab_Ja ya rubuta:

Toh na yarda da maganar tirela, ni ban taɓa ja ba. Amma oga ka sani a fili za ka ji bambanci, da 2800 kam ɗinka bai gama shiga ƙarfinsa ba za ta kama, kuma in giya ta canza daga ɗaya zuwa biyu allura za ta faɗo sosai, tazarar 3.06 na giya ta ɗaya zuwa 1.63 na ta biyu ba ƙarama bace. Mai sitol sama tana riƙe allura ba ta barinta ta faɗo haka. Wannan ne abin da za ka bari a kan tebur. In ka san da shi ka zaɓa toh ba komai.

Cummins_Goma_Biyu ya rubuta:

Ni dizal nake hawa, Ram mai injin 5.9 da giyabos 47RE, namu lissafin kusan a juye yake, ƙarfinmu yana zuwa tun ƙasa da 2000 shi ya sa da yawanmu ƙasa muke saukar da sitol, sai wanda ya sa babban turbo ne ke ɗaga shi don turbo ya samu ya cika. Abin da na shigo in faɗa shine maganar faifan kulle. Za a yi ta tallata maka mai faifai uku. Mu dole ne muke sa ta saboda muna kullewa a cikakken totur, da ƙarfin da faifai ɗaya ba zai riƙe ba. Kai da 5.3 ba turbo ba komai, in ba za ka sa a kulle ta a cikakken totur ba, faifai ɗaya mai kyau ya ishe ka, mai uku tana kamawa da ƙarfi har ka ji dum a bayanka, kuma tana wahalar da sandar shiga giya. Sai dai in kana da niyyar sa turbo nan gaba, a nan kam ka faɗa wa mai ƙerawa tun yanzu don ƙarin ƙarfin zai ɗaga sitol ɗin kamar yadda Baba ya lissafa.

Tsohon_Bakanike ya rubuta:

Duk sun faɗi gaskiya. Saura ranar ɗaurawa, don a nan ake kashe sabuwar konbata da famfon giya a minti ɗaya. A wanke tiyo da kula tas kafin komai. A zuba mata mai wajen lita ɗaya, a shafa wa wuyanta mai saboda sil. In ana sa ta a giyabos a riƙa juyawa ana turawa har ta shiga hawa uku, sandar shiga, sandar sitato, sannan haƙoran famfo. Na ƙarshen nan ne ake tsallakewa. In giyabos ya ƙi haɗuwa da injin da hannu, kada a ja shi da noti, ba ta zauna ba ne. Bayan an ɗaure, konbata ta riƙa juyawa da hannu, kuma tazarar ƙafafunta da farantin bayan injin ta zama milimita 3 zuwa 5 kafin a jawo ta gaba. In ta fi haka a cike da washa masu kauri ɗaya, in babu tazara sam a sauke a duba.

Daga nan ka koma wurin mai saita ƙwaƙwalwa. A gyara silo, a gyara wuraren canjin giya, a ɗaga gudun da kulle ke kamawa don kada ya shaƙe kam ɗin, kuma a duba lissafin tsallen wuta. Kam mai zafi da konbata marar nauyi suna sa ƙwaƙwalwa ta zaci fulogi na tsallake wuta, ta kawo lambar matsala P0300, in ta zaci haka kuwa sai ta hana konbata kullewa, kai kana tafiya a babban titi ba ka sani ba mai yana dahuwa.

Mai_Silverado04 ya rubuta:

Na dawo da labari, sati shida kenan. Na tura wa masu ƙerawa komai har da nauyin tirela kamar yadda Baba ya ce, suka yi min 278 mai faifai ɗaya, suka ce za ta bada wajen 2800 a motata. A kwamfuta ta nuna 2750 da na nitsa totur daga tsaye. Na sa babbar kula da agogo. Turowar danja ta tafi gaba ɗaya, ribas da safe ba ta ƙara mutuwa ba, tashi kuwa sai da na koyi sassauta ƙafa don tayoyin baya suna kuka. Na ja tirela sau biyu a giya ta uku, mafi zafin da na gani 93. P0300 ɗin ma ya fito a kwana na biyu, aka gyara.

Abin da ya rage shine a babban titi wajen kilomita 90 zuwa 100 a giya ta huɗu har yanzu tana ɗan kakkarwa in ta kulle, aksul ɗin ne ban taɓa ba tukuna. Baba, in na sa 4.10 sitol ɗin zai sauka ne ko zai tsaya a 2750 ɗinsa?

Tsohon_Bakanike ya rubuta:

Madalla ɗana. Zai ɗan sauka, domin motar za ta fi saurin amsawa, tabain ba zai tsaya yana jiran nauyi kamar da ba, amma ba saukar da za ta dame ka ba. Ka sake ɗaukar bayanan bayan an canza, kuma ka tuna a gyara lambar aksul a ƙwaƙwalwa, in ba haka ba agogon gudu da canjin giya duk za su rikice. Sabbin haƙoran aksul ɗin ma suna son a lallaɓa su, kada ka ɗaura tirela sai sun yi wajen kilomita 800 ka canza musu mai.